Sharar Gona da Sharar Zuciya: Yadda Kirista Suke Shirin Sati Mai Tsarki

Hunturu ya wuce, bazara ta shigo. Tun da hantsi rana take ƙuna. A karkarar Maraɗi da Damagaram da Tawa manoma sun koma gonaki da gatari da adda. Ana sassabe, ana tara kara, ana kai taki a kan amalanke. Damina da saura. Amma kowa ya san wanda bai share gonarsa yanzu ba, ruwan farko zai same shi bai shirya ba.

A daidai wannan lokaci ne Kirista suke nasu shiri. Suna shirin wani sati guda wanda ya fi kowane sati girma a shekararsu. Suna ce masa Sati Mai Tsarki. Ƙarshensa ita ce sallar Paska, wadda ake ce wa Ista a Najeriya. Mutane da yawa sun ɗauka Kirsimeti ce babbar sallar Kirista. A wurinsu kuwa Paska ta fi ta nauyi.

Kirista ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar jama'a ta 4 ga ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2012 ta nuna ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Amma maƙwabta ne. Rijiya ɗaya ake sha, kasuwa ɗaya ake ci. Mishan na SIM ya sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ya zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Shi ne ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Ƴan Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931. Tun 2001 akwai bishop a Maraɗi, wanda yake kula da Katolika na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ya kyautu mutum ya san abin da maƙwabcinsa yake yi, da dalilin yin sa.

Mene ne Sati Mai Tsarki?

Sati ne na tunawa da kwanakin ƙarshe na Yesu Almasihu a birnin Ƙudus, wanda Kirista suke kira Urushalima. Kirista sun gaskata an kama shi daren Alhamis, an gicciye shi ranar Jumma'a, ya tashi daga matattu ranar Lahadi. Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma imaninsu shi ne ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. A nan addinan biyu suka rabu, kuma kowa ya san nasa. Abin da ke tafe bayani ne na yadda Kirista suke ɗaukar abin.

Al'adar ta daɗe. Wajen shekarar 381 zuwa 384 wata mata mai suna Egeriya ta taso daga yammacin Turai ta kai ziyara birnin Ƙudus. Ta rubuta wa ƴan'uwanta mata abin da ta gani. Ta ga jama'a suna saukowa daga Dutsen Zaitun riƙe da rassan dabino da na zaitun, har da yara a kafaɗa. Ta ga suna kwana ido biyu suna addu'a. A zamaninta ana ce masa Babban Sati. Yau fiye da shekara 1,600 ke nan ana yin haka.

Yaya ake sanin ranar?

Kirsimeti tana da rana tsayayya, 25 ga Disamba. Paska kuwa tana motsi, domin ana duban rana, ana kuma duban wata. Ana jira 21 ga Maris, lokacin da dare da yini suke daidai. Daga nan a jira cikar wata, wato dare na 14. Lahadin da ta biyo baya ita ce Paska. Tun babban taron shugabannin Kirista da aka yi a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, aka nemi kowa ya riƙa yin sallar rana ɗaya.

Da wannan lissafi, Paska ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris. A 2025 ta faɗo 20 ga Afrilu. Kirista na Masar da Habasha suna bin tsohuwar kalanda, saboda haka tasu takan zo daga baya a yawancin shekaru.

Azumin Ramalana yana zagaya shekara, yana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara. Paska ba ta barin bazara. A Nijar kullum cikin zafi take zuwa, lokacin da rijiyoyi suka yi ƙasa, rumbu ya fara sauƙi, samari suna wajen cin rani. A 2022, 2023 da 2024 Sati Mai Tsarki ya faɗo cikin watan Ramalana. A shekarun nan Musulmi da Kirista sun yi azumi a kwanaki ɗaya, kowa bisa nasa tafarki.

Shiri yana farawa da toka

Ba a shiga Sati Mai Tsarki haka kawai. Wurin ƴan Katolika shiri yana farawa tun wata Laraba da ake kira Larabar Toka. Daga ita zuwa Paska kwana 46 ne. In an cire Lahadi 6, waɗanda ba a azumi a cikinsu, saura 40. Kwana 40 ɗin tuni ne na azumin da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji kafin ya fara wa'azi.

A ranar, fada yana shafa wa kowa toka a goshi. Tokar ba ta murhu ba ce. Rassan dabino ne na sallar bara, aka ajiye, suka bushe, aka ƙona. Ma'anarta ita ce mutum ya tuna daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Attajiri da talaka, malamin makaranta da mai tallan ruwa, layi ɗaya suke bi, toka ɗaya ake shafa musu.

Daga ranar majami'a takan canza kama. Fada yana sa riga mai launin shunayya, alamar tuba. Ana rage ado da furanni. Kalmar Halleluya, wadda ake faɗa don murna, ana ajiye ta sai daren Paska. Sati biyu kafin sallar, a wurare da yawa ana lulluɓe gicciye da siffofi da ƙyalle. Kowace Jumma'a ana taruwa a bi Hanyar Gicciye. Zango 14 ne. A kowane zango a tsaya, a tuna da wani abu na wahalar Yesu, a yi addu'a, a wuce.

Ba dukan Kirista ne suke yin haka ba. Ƴan majami'un bishara, waɗanda da yawansu suka fito daga aikin SIM, galibi ba su shafa toka, ba su da doka tsayayya ta azumin kwana 40. Nasu shiri shi ne karatun Linjila a gida da majami'a, da taron addu'a, da azumin da mutum ya ɗaura wa kansa. Ƴan mawaƙa suna koyon waƙoƙin sallar. Fasto yana zagaya gidaje yana duba marasa lafiya da waɗanda suka daina zuwa sujada.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka shirin nan yake tsaye a kan abu uku: azumi, addu'a da sadaka.

Azumin Katolika ya bambanta da na Ramalana. Ana shan ruwa. Kwana biyu ne dole: Larabar Toka da Jumma'a ta Sati Mai Tsarki. A ranakun nan mai shekara 18 zuwa 59 sau ɗaya yake cin cikakken abinci, sai ɗan abin taɓawa sau biyu wanda bai kai ƙoshi ba. Kowace Jumma'a cikin kwana 40 ɗin, mai shekara 14 zuwa sama ba ya cin nama. An ɗauke wa marasa lafiya, da mata masu ciki ko goyo. A Habasha da Masar azumin ya fi tsanani. Kwana 55 suke yi ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu.

Wani zai ce: talakan ƙauye da ma yaushe yake ganin nama? Barin abin da ba ka da shi ai ba azumi ba ne. Gaskiya ne. Shi ya sa ake so kowa ya duba abin da ya fi kama ransa, ya bar shi. Wani shayi ne, wani goro, wani taba, wani giya. Wani kuma bakinsa ne: tsegumi, zagi da yi da mutane. Linjila ta kuma gargaɗi mai azumi kada ya ɓata fuska don mutane su yabe shi.

Abin da azumi ya rage ba na aljihun mai azumi ba ne. Na mabukaci ne. A ce mutum yana kashe dala 20 kullum wajen shayi da goro. In ya bari kwana 40, ya tara jika 4. A ce uwargida tana ɗebe hannu guda na hatsi duk lokacin da za ta yi daka, ta zuba a ƙwarya daban. Kafin Paska ta tara tiya mai yawa. Da wannan ake tallafa wa gwauruwa, da maraya, da baƙo, da wanda yake kwance a asibiti ko tsare a gidan kaso. Ba a tambayar addinin mai jin yunwa. A bazara, lokacin da hatsi ya fara tsada a kasuwa, tiya guda ba ƙaramin abu ba ce.

Addu'a kuwa ana ƙara ta safe da dare. Iyali sukan zauna bayan tuwon dare, wanda ya iya karatu ya karanta labarin kwanakin ƙarshe na Yesu, sauran su saurara. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Dattijo ko dattijuwa da suka shiga ajin yaƙi da jahilci suna iya karanta shi da kansu, ba sai sun jira jikansu ya taso daga makaranta ba.

Aikin da ya fi wuya

Barin shayi da sauƙi. Akwai abin da ya fi shi wuya, kuma shi ne zuciyar shirin duka. Koyarwar Yesu ita ce mutum ya fara sasantawa da wanda ya ɓata wa, sannan ya kawo baikonsa gaban Allah. Saboda haka Kirista na ƙwarai ba ya so Sati Mai Tsarki ya same shi da gaba a ransa ko haƙƙin wani a hannunsa.

Mutumin karkara ya san irin waɗannan abubuwa. Wani ya matsa iyakar gona taki biyu cikin ta ƙanensa. Wani ya ci bashin dami uku tun bara, yana kauce wa mai shi a kasuwa. Wani ya noma burtali, dabbobi suka rasa hanya, aka yi faɗa. Wani dabbobinsa sun yi ɓarna da dare, ya yi shiru. Matan wa da ƙane sun shekara ba su gaisa ba saboda faɗan yara. Duk waɗannan ciyawa ce a gonar zuciya.

Ƴan Katolika suna zuwa wurin fada su furta zunubansu. Tun shekarar 1215 aka sa doka kowa ya yi haka aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma yawanci kafin Paska ake yi. Fada ba shi da izinin faɗa wa kowa abin da ya ji, ko da hukuma ce ta tambaye shi. Amma furtawa ba ta share bashi. Wanda ya ci kayan wani sai ya mayar. Wanda ya ɓata sunan wani sai ya gyara. Ƴan majami'un bishara ba su furtawa gaban fasto. Mutum yana tuba tsakaninsa da Allah, sannan ya je ya sami wanda ya yi wa laifi. In abin ya gagara, dattawan majami'a su shiga tsakani. Hanya biyu ce, amma ƙofar gidan maƙwabci duka suke kaiwa.

Manoman Maraɗi sun san sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar tun 1983. Ba a tumɓuke kututture. Ana duba tohon da ya fito, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Bayan ƴan shekaru gona ta cika da itace. Shirin nan haka yake. Ba a ce mutum ya zama wani dabam cikin kwana 40 ba. An ce ya duba halinsa, ya datse abin da yake shanye masa ƙarfi, ya bar na kirki ya girma.

Shekarar da aka gwada

Yafe wa wanda ya taka maka gona abu ne. Yafe wa wanda ya ƙona maka wurin ibada wani abu ne. Kirista na Nijar sun ga wannan gwaji a 2015.

Wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ran Musulmi ya ɓaci a ko'ina. Ranar 16 ga Janairu zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram. Kashegari ta kai Yamai. Mutum 10 suka mutu cikin kwana biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. A Damagaram ɗaruruwan Kirista sun fake a barikin soja. Alhali ba su da hannu a zanen, ba su san ma wanda ya yi shi ba. Gwamnati ta yi tir da abin, aka yi zaman makoki na kwana 3. Malamai da yawa sun ce wannan ba koyarwar Musulunci ba ce. Akwai kuma Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu har ƙura ta lafa.

Larabar Toka ta shekarar ta zo 18 ga Fabrairu, wata guda bayan wutar. Paska ta zo 5 ga Afrilu. Wasu sun yi shirin sallar cikin bango mai baƙin hayaƙi, wasu a ƙarƙashin rumfa. Shugabanninsu sun yi kira a yafe, kada a rama. Sun tuna musu cewa Linjila ta nuna Yesu yana roƙa wa waɗanda suka gicciye shi gafara. Ba a rama ba. A hankali aka sake gina majami'u da yawa. Yafewa ba ta hana hukuma aikinta, ba ta kuma mayar da wanda ya mutu. Amma ta hana wuta ta biyu tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kwanakin satin ɗaya bayan ɗaya

Lahadin Dabino ce take buɗe satin. Ana tuna shigar Yesu birnin Ƙudus a kan jaki, jama'a suna tarbarsa da rassan itace. Ana yin jerin gwano riƙe da ganyen dabino. Inda babu dabino an yarda a riƙe reshen itacen da ƙasar take da shi. Kowa ya kai nasa gida ya ajiye. Shi ne zai zama tokar baɗi. A ranar ana karanta labarin wahalar Yesu tun daga farko har ƙarshe.

Litinin, Talata da Laraba kwanakin natsuwa ne. Wanda bai sasanta da ɗan'uwansa ba, wannan ce damarsa ta ƙarshe. Ana tuna Yahuza, almajirin da ya sayar da malaminsa a kan azurfa 30. Ana tuna Bitrus, wanda ya yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara, sannan ya yi kuka ya tuba. Dukansu biyu sun faɗi. Ɗaya ya yanke ƙauna, ɗaya ya dawo. Cikin kwanakin nan ko safiyar Alhamis bishop yakan tara fada-fada, ya sa albarka ga man da za a yi aiki da shi duk shekara wajen baftisma da shafa wa marasa lafiya.

Alhamis da yamma ana tuna jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa 12. Linjila ta ce ya tashi ya ɗaura zane, ya wanke musu ƙafafu, aikin da bawa yake yi. Saboda haka fada yakan durƙusa ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a. Darasin na shugabanni ne: babba mai hidima ne. Daga daren nan ƙararrawa takan yi shiru.

Jumma'a ranar baƙin ciki ce da azumi. Wajen ƙarfe 3 na rana, lokacin da Kirista suka gaskata Yesu ya cika, ana taruwa. Ana yi wa duniya duka addu'a: masu mulki, marasa lafiya, matafiya, ƴan kaso, da waɗanda ba Kirista ba.

Asabar ranar shiru ce, kamar gidan da aka yi rashi. Da dare sai a hura wuta a waje. Daga wutar a kunna babban kyandir, a shiga da shi majami'a cikin duhu. Kowa ya kunna nasa daga na kusa da shi har ɗakin ya haskaka. Ana dogon karatu tun daga labarin halittar duniya. A daren nan ake yi wa manya baftisma, waɗanda suka daɗe suna koyon addini. Ƙararrawa ta dawo, ganguna su tashi, a sake faɗin Halleluya.

Lahadi ita ce Paska. Ana sa sababbin kaya in da hali, ana dafa shinkafa da nama, ana ziyara. Litinin da ta biyo baya ranar hutu ce a ma'aikatun Nijar. A unguwanni da yawa yara suna kai akushi gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda naman layya yake shiga gidajen Kirista ranar babbar salla.

Abin da maƙwabci zai iya yi

Ba a nemi kowa ya bar nasa ya bi na wani ba. Amma sani yana gyara zama. In ka ga abokin kasuwarka da toka a goshi, ba datti ba ne. In ya ƙi nama ranar Jumma'a, ba raini ba ne. In ka ji ganga cikin dare a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, sallarsu ce. In kuma ya yi sallama a ƙofar gidanka da damin da ka fid da rai da shi, ko ya zo neman gafara kan maganar bara, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Bayan Paska da ƴan makonni hadari zai fara haɗuwa a gabas. Masu cin rani za su dawo. Manomi da makiyayi za su sake haɗuwa a bakin burtali da mashaya. Wanda ya share gonarsa, ya biya bashinsa, ya kuma shirya da maƙwabcinsa tun bazara, shi zai fita shuka da kwanciyar rai ranar da ruwa ya sauka.